Ɗanki ya iya waƙar Turanci, amma ya san abin da ya faru a cikinta?

Duk ƙarshen shekarar karatu, makarantun ƙananan yara na unguwanninmu sukan shirya biki. A kafa rumfa, a yi hayar kujeru da lasifika, a sa wa 'yan KG riga da hula kamar waɗanda suka gama jami'a. Sai a jero su gaban iyaye su rera waƙoƙin Turanci. Mata na guɗa, maza na ɗauka da waya, ana liƙa wa yara sidi. Ni ma na sha shirya irin wannan biki, don shekara 12 ke nan ina koyar da ƙananan yara a wani zango a Kumasi. Ban raina shi ba. Uwar da ta yi shekara tana soya ƙosai don ta biya kuɗin makaranta ta cancanci ta ga ranar farin ciki.

Amma a irin wannan rana na ji maganar da ta sa na sauya yadda nake koyarwa. Wani yaro ɗan shekara 5, mai murya da kwarjini, shi ya ja ajina suka rera waƙar nan ta Jack da Jill, wadda ke ba da labarin yara biyu da suka hau tudu ɗebo ruwa, namijin ya faɗo ya ji ciwo a ka, macen ma ta biyo shi. Bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Da aka watse na kira shi ina masa wasa, na tambaye shi da Hausa: "A waƙar nan, wa ya fara faɗuwa, yaron ko yarinyar?" Ya buɗe ido ya ce: "Madam, wani ya faɗi ne?"

Wata uku muna maimaita wannan waƙa kullum da safe. Yaron bai san akwai tudu a ciki ba, bai san akwai ruwa ba, bai san wani ya faɗi ba. Laifin kuwa nawa ne, don ni na tsaya gabansa ina faɗa yana amsawa, ban taɓa ba shi labarin ba.

Abin da nake so in faɗa wa iyaye da 'yan uwana malamai ke nan: waƙar yara ba ta da amfani sosai in yaro bai iya faɗin me ya fara faruwa a cikinta ba, me ya biyo baya, me ya zama ƙarshe. Wannan jeranta labari ita ce ribar waƙar. Kuma yaro ɗan shekara 4 ko 5 ba zai iya jera labarin da bai fahimci harshensa ba.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, ai yara ne, za su gane in sun girma. Bari mu duba abin da ke jiransu a gaba. Da zarar yaro ya shiga firamare, za a ba shi ɗan rubutu ya karanta, a tambaye shi me ya faru bayan kaza, me ya sa wane ya yi kaza. A lissafi za a ce masa wata ta sayi lemu kaza, ta ba ƙanwarta kaza, nawa ya rage. In bai riƙe cewa sayen ne farko, bayarwar ta biyo baya ba, sai ya haɗa inda ya kamata ya ɗebe. A kimiyya zai haɗu da iri da tsiro da fure da 'ya'ya. Duk waɗannan jeri ne. Gwajin karatu na ƙasa da aka yi wa 'yan aji 2 na firamare a Gana a 2013, aka sake a 2015, ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 kacal ne ke iya karatu sumul tare da fahimtar abin da suka karanta. Dalilan suna da yawa, akwai ƙarancin littattafai da cunkoson aji. Amma ni da nake cikin aji na san ɗaya daga ciki: mun saba wa yara tun suna ƙanana da fitar da sauti daga baki ba tare da wani hoto ya zo musu a zuciya ba.

A nan akwai bambancin da ya kamata mu lura da shi, don na daɗe ban gane shi ba. Jeri iri biyu ne. Akwai jerin hadda, kamar haruffa da ƙidaya da kwanakin mako. Babu dalilin da ya sa wannan harafi ya riga wancan, haka aka tsara, sai a haddace. Akwai kuma jerin labari, inda abu na biyu ya faru saboda na farko. Ruwan sama ya sauko, shi ya sa ƙasa ta jiƙe. Ba za ka iya juya su ba tare da maganar ta lalace ba. Yaranmu na zango gwanaye ne a jerin hadda, don suna samun horonsa safe da yamma, a boko da allo. Jerin labari ne muke bari a baya, alhali shi ne ke koya wa yaro tambayar "me ya sa".

Me ya sa waƙa ta fi dacewa da wannan aiki? Saboda gajera ce, tana da kari da amo da ke riƙe yaro, kuma yana son a maimaita ta. Labarin da ke cikin littafi yana iya yi wa ɗan shekara 4 tsawo, kafin a kai ƙarshe ya manta farko. Waƙa kuwa abubuwa uku ne ko huɗu, cikin rabin minti an gama. Sautin kansa yana ja masa gora: in ya tsallake wani sashe, kunnensa zai faɗa masa wani abu ya ɓace. Sai dai ba kowace waƙa ce ke da labari ba. Waƙar tauraro da kowa ya sani yabon tauraro ce kawai, babu abin da ya faru a ciki. Tana da daɗi, a rera ta, amma ba ita za a ɗauka don wannan darasi ba. Malama ta tambayi kanta kafin ta zaɓa: shin akwai wanda ya yi wani abu, sannan wani abu ya same shi?

Wadda na fi amfani da ita cikin na Turanci ita ce ta gizo-gizo. Matakanta huɗu ne: hawan indararo, saukar ruwan sama da ya wanko shi, fitowar rana, da sake hawa. Kowane mataki yana haifar da na gaba. Kuma yaranmu ba baƙin gizo ba ne. A gida sun ji Gizo da Ƙoƙi, a wajen abokansu Asante sun ji Ananse.

Ga yadda nake yi yanzu, ko wata malama za ta ɗauki abin da ya yi mata.

Ranar farko ba na rera komai. Nakan zaunar da su a tabarma in ba su labarin da Hausa, kamar tatsuniya, har da buɗewarta da suka saba ji. In akwai yaran da Tuwi ya fi kama kunnensu, sai in maimaita musu da shi. Nakan tsaya a tsakiya in ce: "To, ruwa ya wanko shi, kuna ganin zai haƙura?" Sai gardama ta kaure, wannan kuma shi nake so.

Rana ta biyu mu yi wasan. Wani ya zama gizo-gizo, wasu su zama ruwan sama da yatsunsu, wata ta zama rana ta buɗe hannuwa. Wadda aka ba rana dole ta jira sai ruwa ya gama. Wannan jiran shi ne darasin, don da jikinta take koyon cewa lokacinta bai yi ba tukuna.

Rana ta uku sai waƙar Turancin ta shigo. Yanzu kowace kalma tana da inda za ta sauka. In sun ji kalmar ruwan sama da Turanci, yatsunsu sun riga sun san abin yi. Na lura sun fi saurin kama Turancin ta wannan hanya fiye da lokacin da nake cusa musu shi tsurarsa.

Daga nan sai katuna. Ba sai an saya ba. Kwalin madara ko na sabulu nake roƙa a shagon unguwa, in yanka, in zana hoto ɗaya a kowane yanki. Zanena ba na a zo a gani ba ne, amma yara ba su taɓa ƙorafi ba. In ɗaura igiya daga taga zuwa ƙofa, in ba su abin maƙale shanya, in cakuɗa katunan in ce su shanya su bi da bi. 'Yan KG 1 kati uku ya ishe su. 'Yan KG 2 suna iya huɗu, wasu har biyar. Nakan sa su fara daga hagu zuwa dama, don haka za su karanta boko. Wata rana wani yaro ya fara daga dama ya ce haka allonsa yake. Na ce ya yi gaskiya, na nuna musu cewa kowane rubutu da inda yake farawa, amma labarin bai canza ba.

Abin da suka fi so shi ne in yi kuskure da gangan. In ce rana ta fito ta busar da indararo, sannan ruwa ya sauko. Sai ajin ya ɗauki ihu: "A'a Madam, ba haka ba ne!" In yi kamar ban gane ba, in ce su gyara mini, su kuma faɗa mini dalili. Yaron da ya iya cewa "ai sai ya jiƙe kafin ya bushe" ya wuce hadda, ya fara tunani.

A duk waɗannan matakai akwai kalmomin da nake nanatawa: da farko, sai, bayan nan, daga ƙarshe. Hausa ta yi mana gata a nan. Ku saurari yaro Bahaushe yana ba da labari, za ku ji "sai ya tafi, sai ya gan shi, sai suka gudu". Wannan "sai" ɗin igiya ce da yake ɗaure abubuwa da ita tun kafin ya shiga makaranta. Aikin malama ta kama wannan igiyar da yaro ya zo da ita daga gida, ta ƙara mata ƙarfi, sannan ta nuna masa takwarorinta a Turanci.

Wannan ya kawo mu ga batun harshe, wanda shi ne ƙashin bayan matsalar a wajenmu. Tun gyaran ilimi na 2007 aka sa shekara biyu na KG cikin ilimin tushe a Gana, kuma manhajar da aka fara aiki da ita a 2019 ta ce a koyar da ƙananan yara ta hanyar wasa. Manufar ƙasa ta yarda a fara wa yaro karatu da harshen gida. Amma harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu, irin su Tuwi da Fante da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja, babu Hausa a ciki, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa labarai da ita. Ma'ana, yaron Nima ko Aboabo ko Sabon Zango da ya tashi da Hausa a bakinsa ba ya samun littafin waƙoƙi ko katunan labari na hukuma da harshensa. In makarantar gwamnati ce, ya tarar da Ga ko Tuwi da Turanci. In ta kuɗi ce, sau da yawa Turanci zalla, wani wurin har a tsawata masa in ya yi Hausa. Ina ganin ya kamata shugabannin zango da masu makarantun Islamiyya su ci gaba da tayar da wannan magana a gaban hukumar ilimi. Amma kafin a kai ga haka, babu dokar da ta hana malama ta ba yaro labarin waƙa da harshen da yake ji.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, don sun faɗa mini a fuska. Wani uba ya taɓa zuwa ya ce: "Madam, ni kuɗi nake biya ya koyi Turanci. Hausa ai yana da ita a gida." Ban ga laifinsa ba. Da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman aiki, kuma mu 'yan zango mun san abin da rashin boko ya jawo wa iyayenmu. Abin da na ce masa shi ne: Alhaji, ni ma Turancin nake so ya iya, amma wanda zai yi magana da shi, ba wanda zai rera kawai ba. Na kira ɗansa na ba shi katunan, ya jera su, ya ba da labarin da Hausa, sannan ya nuna kowane kati ya faɗi abin da ke ciki da Turanci. Uban ya yi shiru, can ya ce a gida bai taɓa jin ya haɗa Turanci da kansa ba sai yau.

Wasu kuma sukan ce ajin zango ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai 'ya'yan Dagomba da Mosi da Wangara da Kotokoli da Fulani. Gaskiya ne. Amma ku fita filin wasa lokacin tara ku saurari harshen da suke faɗa da sulhu da shi. A yawancin zangunanmu Hausa ce, ko Hausa gauraye da Tuwi. Ka'idar dai ɗaya ce: a fara da abin da yaro ke ji. In malamar ba ta jin Hausa, akwai mai taimaka mata a aji, akwai mai dafa abinci, akwai iyaye. Minti biyar na ba da labari bai fi ƙarfin kowa ba.

Akwai kuma masu ganin waƙa ɓata lokaci ce, ko ma abin ƙi. Ina girmama damuwarsu, kuma ni ma ba kowace waƙa nake kawowa ajina ba. Amma mu tuna malamanmu na da sun san darajar waƙa wajen koyarwa. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a nan ƙasar a 1934, da waƙa ya tsara labarin zuwan Turawa, da Hausa da Larabci, don mutane su riƙe. Kuma jeri ba baƙon abu ba ne a tarbiyyarmu. Yaron da ke koyon alwala ya san da wanke hannu ake farawa, ƙafa ce ƙarshe. Kan da ya riƙe wannan zai riƙe labari mai mataki huɗu.

Ba kuma dole sai waƙar Ingila ba. Wadda ajina suka fi so, mu muka ƙirƙire ta tare, a kan koko. Kusan kowane yaro a zango ya ga yadda ake yi: a jiƙa gero, a kai niƙa da citta da kanumfari, a tace, a bari ya kwanta, a dama, a sha da ƙosai. Muka sa wa kowane mataki ɗan kari da tafi. Da na juya jerin na ce a dama kafin a tace, wata yarinya da uwarta ke sayar da koko ta riƙe baki ta ce: "Madam, wa zai sayi wannan?" Haka za a iya yi da wanki, da tafiya makaranta, da shirin ranar Sallah. Waƙoƙin wasan dandali da tatsuniyoyi masu waƙa a tsakiya suna nan a bakin tsofaffinmu, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Abin takaici, tsofaffin suna tafiya da su ɗaya bayan ɗaya, mu kuma ba mu rubuta ba. Mai makaranta da zai gayyaci kaka ɗaya duk mako ta ba yara tatsuniya, malama ta zana katunanta, ya samu kayan aikin da babu a kanti.

Iyaye mata, ku ma da naku. Na san da yawa muna miƙa wa yaro waya ya kalli waƙoƙi a YouTube don mu samu mu yi girki. Ban ce a daina ba, ni ma uwa ce. Amma in ya gama, ki tambaye shi da Hausa: wa ka gani, me ya yi, sai me ya faru? In ya dawo daga makaranta kada ki tsaya a "me aka koya muku", don amsar kullum "ba komai" ce. Ki ce: da ka shiga aji me kuka fara yi, bayan nan fa? In ya cakuɗa, kada ki yi masa dariya ko tsawa. Ki ce, "Tsaya, ka ci abincin kafin ka wanke hannu ko bayan ka wanke?" Shi da kansa zai gyara. Wannan ba ya bukatar ki iya karatun boko.

Zan rufe da abin da ya sa na ɗauki wannan magana da muhimmanci fiye da batun jarrabawa. Bara wata ɗalibata 'yar shekara 5 ta fara amai da dare. Uwarta ta ɗauka abinci ne ya ɓata mata ciki, tana shirin ba ta magani ta kwantar da ita. Sai yarinyar ta ce: "Mama, da farko na hau benci, sai na faɗo, kaina ya bugi ƙasa, bayan nan na ji jiri, sai amai ya zo." Babu babban da ya ga faɗuwar. Jin haka uwar ta ɗauke ta sai asibiti, inda aka ce ta yi daidai da ta kawo ta, don amai bayan buguwar kai abu ne da ba a wasa da shi. Aka riƙe ta aka duba, alhamdu lillahi ta warke. Da uwar ta zo tana ba ni labari, abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmomin yarinyar: da farko, sai, bayan nan. Waɗanda muke shanyawa a igiya ne.

Yaron da ya iya faɗin abin da ya same shi bi da bi yana da kariya. In an zalunce shi a hanya zai iya bayani a gane. In an ɗora masa laifin da bai yi ba zai iya kare kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun KG su ne ɗanyen.

Saboda haka a bikin bana, in ɗanki ya sauko daga dandamali bayan ya rera waƙarsa, ki yi masa guɗa, ki liƙa masa sidinsa. Amma a hanyar gida ki tambaye shi me ya faru a cikin waƙar. In ya ba ki labarin, ki gode wa malamarsa. In ya ce, "Wani ya faɗi ne?", ki je makarantar ranar Litinin ku zauna da ita.

Allah Ya raya mana su, Ya ba su ilimi mai amfani.